Mai Gatarin Vossendal

Shafi na 23

Na ga saƙonninku. Masu cewa "Wilma kin shanya mu," da masu cewa tsufa ne ya sa na manta inda na tsaya, duk na gani. Ban manta ba. Hannuna ne ya ƙi rubuta wannan shafin, sai yau na ci ƙarfinsa. Ke kuma baiwar Allah da kika ce wai ina ruwan gyatuma da filin wasan yara, ki daure ki karanta wannan har ƙarshe, sai ki zage ni da hujja.

Asabar ce, to kun san inda muke. Bakin katangar katakon da hukumar filin wasa na Vossendal ta zagaye Tafkin Dinya da ita, wanda a da ake zagawa da mutane cikinsa a kwale-kwale, waƙa na tashi ana kallon tsuntsayen dinya, mu 'yan zauren masoya tafkin na intanet, da kekunanmu da kwalayenmu.

Ranar da suka rufe, shekara biyu suka ce gyaran zai ɗauka. Ga mu a ta biyar. Kuɗin aiki ya tashi daga Yuro miliyan ashirin ya haye sittin, katin shiga na shekara sai ƙara masa kuɗi suke, mu kuma duk abin da muka samu shi ne rami ɗaya a jikin katako, wanda ido ɗaya kawai ke shiga.

Ƙawata Bep ta zagaya da gwangwanin biskit. Kowa ɗaya, ta mayar da murfi ta rufe.

"Yaya Bep, ɗan ƙara min mana," in ji Arjan.

"Ka je Mai Gatari ta ƙara maka."

Aka kwashe da dariya, irin ta mutanen da ransu ya daɗe a ɓace.

Arjan shi ke haska taronmu kai tsaye a waya saboda 'yan zauren da ba su samu zuwa ba. Ya matso ya maƙala min ɗan makirufon nan mai kama da ƙwaro a wuyan kwat, ya gwada lasifikar da ke ɗaure a kariyar kekensa.

"Gwaggo Wilma, yau mutane sun cika a kan layi. Ki ba su wuta."

"Yaushe ka taɓa ganin na ba su ruwa?"

Na hau akwatin lemon da nake hawa.

"Jama'a, kun ga sabon zanen da suka fitar?"

"Mun gani!"

"Me kuka gani?"

"Allo!"

"Allo a gaba, allo a baya!" in ji wani dattijo mai riƙe da kare. "In kallon allo nake so, ai ina da shi a falona, kuma ba na bin layi."

"An ce kwale-kwalen ma ba za su taɓa ruwa ba," wata ta ɗaga murya daga baya. "A kan dogo za su bi, a riƙa fesa mana ruwa a fuska."

"Miliyan sittin, ko banɗaki ba su gama ba!"

"Ɓarayi!"

"Marasa kunya!"

Na bar su suka zage son ransu, sannan na ɗaga hannu.

"Ku bar maganar allo. Ina Kaka?"

Wurin ya yi tsit. Kullum haka yake yi in an zo nan.

Kaka ita ce tsohuwar bishiyar ɗan tsibirin da ke tsakiyar tafkin, mai rassa har cikin ruwa. A nan kwale-kwale ke lanƙwasa, a nan kyamara ba ta gani, a nan kuma mu 'yan zaure muke zuba tokar mamatanmu bayan an ƙone gawa. Hukuma ta hana, amma mai gadi zai buɗe miki jaka, ya buɗe akwatin abinci, ba zai taɓa buɗe filas ɗin kofin mutum ba. Mijin Bep a filas ya shiga. Mijina Joop ma a filas ya shiga, da hannuna na juye shi a gindin Kaka, waƙar tafkin tana tashi. Hoton Joop ne ma a kan kwalayen da muke ɗagawa.

Da bazara Arjan ya ɗauko hoton wata mata ta baya, da hular kwano, tana nuna Kaka da yatsa. A satin aka sare ta. Tun daga nan muke kiran matar Mai Gatari, kuma tun daga nan muke nemanta.

Arjan ya duba waya.

"Gwaggo, Marco ya ce suna kawai yake so a ba shi."

Marco ba ya zuwa, 'yan sanda sun hana shi matsowa kusa da filin tun fentin da ya watsa wa motar 'yan kwangila. Daga gida yake kallo, shi da abokan nan nasa masu zafin kai.

"Ka ce masa alkawarina yana nan a saman zaure, ban cire ba," na ce, ina kallon cikin wayar sosai. "Duk wanda ya gano Mai Gatari, ya liƙa sunanta da ƙofar gidanta. Ni kaɗai ke da ikon goge magana a zauren nan, kuma na rantse ba zan goge ba."

Tafi raf-raf-raf. Har kare ya yi haushi.

Na sauko. Ni ke fara leƙa ramin, haka muke yi tun farko.

Na manna ido.

Kankare. Katafila. Ma'aikata suna ta kai da kawowa, tunda yanzu har Asabar suke aiki saboda sun makara. Can inda tsibirin yake a da, ga mace tsaye da farar hular kwano, ta ba ni baya.

Ita ce. Tsayin, tsayuwar, duk ita ce.

Na buɗe baki zan yi ihu, sai iska ta kaɗa, mayafin wuyanta ya fito daga cikin riga.

Kore da ruwan goro. Can ƙarshensa kuma, kamar faɗin tafin hannu, shuɗi ne. Ni na saƙa shi, zaren ya ƙare min ana gobe Kirsimeti, shago a rufe, na ƙarasa da ragowar wanda na saƙa wa Joop safa.



Ta juyo tana yi wa wani magana.

Nienke. Tilon 'yata. Wadda kullum take ce min jirgin ƙasa take bi zuwa arewa, wajen aikin madatsar teku.

"Me kika gani?" in ji Bep. "Kin ƙame kamar gunki."

"Kankare ne."

"To matsa mana, ba gadonki ba ne."

"Zan zaga in dawo."

Na bi jikin katangar da sauri, na sha kwana, har ƙofar da ma'aikata ke shiga. Ba kowa a wurin sai tarin yashi. Na ciro waya na kira ta.

"Mama? Ina wajen aiki, iska ta yi yawa a bakin tekun nan, zan kira ki anjima."

"Teku ko? Juyo ki kalli ƙofar ma'aikata."



Na ga ta sauke wayar a hankali. Ta taho kamar mai takawa a kan ƙaya, ta fito, ta ja ƙofar ta rufe.

"Mama, ki tsaya in..."

"Nienke Brouwer! Ke ce?"

"Ki rage murya don Allah."

"Ke ce Mai Gatari?"

"Ni ce injiniyar da ke kula da tafkin. Ba ni da gatari."

"Kar ki yi min wayon 'yan jami'a. Ke kika nuna Kaka da yatsa ko ba ke ba ce?"

"Ni ce."

Ko kunya. Ido cikin ido ta faɗa.

"Cikinta ya ruɓe, Mama. Hannuna na zura har kafaɗa. Da an bar ta, wata rana a kan kwale-kwale za ta faɗo da yara a ciki."

"Sai ki daɓe wurin da kankare?"

"Ba ni na zana ba. Ni ma ba na son zanen. Na roƙa aka ba ni wannan ɓangaren ne saboda ƙasar tsibirin, na sa an..."

"Rufe min baki! Kina zuwa gidana ran Lahadi, ki ci dankalina, ki ji ina zagin matar nan, ki ce min 'Mama ƙara min miya.' Ashe ke ce!"

"Ta yaya zan faɗa miki? Kin ce a liƙa ƙofar gidanta."

"Kuma zan sake faɗa!"

Ta yi baya kaɗan. Na ga abin ya shige ta, kuma gaskiya a lokacin daɗi na ji.

"Ubanki kika binne a ƙarƙashin kankare," na ce. "Ubanki, Nienke. Mutumin da ya koya miki hawa keke. Katafila ta bi ta kansa, ke kina tsaye da hular kwano kina duba agogo."

"Ki daina."

"Ba zan daina ba. Wurin da ya fi so a duniya..."

"Mama, ki daina!"

"...wurin da ya nemi aurena, wurin da muke zuwa duk Asabar ta Allah..."

"Baba ba ya can!"

Na tsaya.

"Me kika ce?"

Ta cire hular kwanon.

"Ba ya can. Bai taɓa zuwa can ba."

"Da hannuna na juye shi."

"Wa ya cika filas ɗin?"

Ita ta cika. Ranar na kasa ko kallon tulun tokarsa, ta ce in je in kwanta, za ta yi.

"Me kika zuba a ciki?"

"Mama..."

"Me na juye a gindin Kaka?"

"Tokar murhu. Da yashin kejin kanarinsa, mai ɓawon kifin nan. In an gauraya kama suke yi."

Na dafa katanga.

"Ƙarya kike."

"Shi ya roƙe ni. A asibiti, ranar da kika sauka sayo masa jarida. Ya kama hannuna ya ce, 'Nienke, kar ki bari uwarki ta zuba ni a tafkin nan. Shekara arba'in ina jin waƙar nan, kar in mutu kuma in ci gaba da jin ta.'"

"Joop ba zai faɗi haka ba."

"Kwale-kwalen juwa yake sa shi. Ba ki lura kullum sai ya sha ƙwaya a mota kafin ku shiga ba?"

"Ta ciwon baya ce."

"Ta amai ce, Mama."

"Shi yake tashina ran Asabar! Shi yake haɗa burodi!"

"Saboda ke. Ya ce in kin zauna a kwale-kwalen nan fuskarki komawa take ta yarinya. Wannan yake zuwa kallo, ba dinya ba. Ya ce ya yi miki a raye, a mace kuma yana so ya huta."

Kun san abin da ya fi min ciwo? Muryarsa na ji a cikin maganar. Haka Joop yake magana, a sanyaye, yana sosa bayan kunne. Da ta ƙirƙira, da ba ta iya ƙirƙirar wannan ba.

Na ji tsanarta har cikin haƙorana. Ita da shi, duka biyun. Sun haɗa kai sun mayar da ni sakarai, ina sunkuyawa duk Asabar ina gaya wa yashin tsuntsu labarin gida.

"Ina kika kai shi?"

Ta buɗe baki.

Sai na lura da wani abu. Ba na jin hayaniya. Mutum kusan ɗari a bayan kwanar nan, ga kare, ga Bep da ba ta iya rufe baki ko a coci, amma tsit kake ji.

Na yi tari.

Daga bayan kwana na ji tarin ya dawo min, da ƙarfi, ta cikin lasifika.

Nienke ta kalli wuyan kwat ɗina. Idonta ya fito waje.

"Mama. Mene ne wannan?"

Na sunkuyar da kai. Ɗan ƙwaron nan yana nan maƙale, jar fitilarsa tana ƙyaftawa.

Wayyo ni Wilma.

Na fizge shi na jefar a ƙasa, na sa dunduniya na take, na murje shi har sai da ya yi ƙara. Amma ina, sun riga sun shawo kwana. Bep a gaba da gwangwaninta, Arjan a bayanta da waya a sama, sauran kuma kamar an buɗe wa shanu ƙofa.

"Arjan! Me ya sa ba ka kashe ba?"



"Gwaggo, mutanen da ke kan layi sun ninka sau huɗu. Ba mu taɓa samun haka ba."

"Kai, amma ba ka da mutunci!"

"Ke kika ce komai a fili za mu riƙa yi."

Bep ta zo har gabana. Tun muna 'yan mata nake tare da matar nan, ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Yashin kanari," ta ce.

"Bep, yanzu nake ji ni ma."

"Hoton Joop muke ɗagawa. Cikin ruwan sama, cikin ƙanƙara. Na yi mura sau nawa a bakin katangar nan? Gidan talabijin suka zo, ke aka sa a gaba kina kuka. Nawa mijin da yake can da gaske, ko sunansa ba a ambata ba."

"Yaya Bep," in ji Nienke, "ƙasar tsibirin tana nan, ban bari an zubar ba, na sa an kwashe ta a..."

"Kar ki kira sunana! Ni na yi miki wankan farko da uwarki ta dawo daga asibiti, mara kunya!"

"Ki saurare ni mana!"

"Mai Gatari!" wani ya ƙwalla.

"Ga ta nan! Ashe 'yar gida ce!"

"Uwar ma ta sani! Haɗin baki ne!"

"Shi ya sa aka kasa gano ta, uwarta ke riƙe da zaure!"

"Nawa suka biya ki, Wilma?"

Ni? Ni da na sayar da motar Joop na buga kwalaye? Na juya in ga wanda ya faɗa, sai kofin takarda ya taho ya bugi kafaɗar Nienke. Kofi ya wanke mata mayafin.

"Wanda ya sake jifa sai na fasa masa baki!" na ce.

"A'a, yau kuma kare ta kike?"

"Ba kare ta nake ba!"

Kuma gaskiya na faɗa. Ni kaina ban san me nake yi ba.

Dattijon nan mai kare ya ɗaga kwalinsa, ya kalli hoton Joop, ya yage shi biyu ya zubar a kan yashi. Wata ta bi bayansa. Na tsaya ina kallon fuskar mijina a ƙasa, ana takawa.

Sai wayoyi suka fara ƙara. Tawa, ta Bep, ta kowa, lokaci ɗaya.

Arjan ya duba tasa, ya ɗago a hankali.

"An liƙa."

"An liƙa me?"

"Sunanta. Da layin, da lambar gidan. Har da hoton ƙofar."

Ba zan maimaita adireshin a nan ba, kar ma ku tambaye ni. Gidan mai koriyar ƙofa ne a bakin magudanar ruwa, kuma layi biyu ne tsakaninsa da gidan su Marco.

"Marco ya ce ya gode," in ji Arjan. "Ya ce sun fito."

Nienke ta kama hannun rigata.

"Mama, ki goge."

"In ta goge ta ci amana!" wata ta ce. "Yanzu-yanzu ta rantse!"

"Mun ji da kunnenmu!"

"Ba zan goge ba, in ji ki! To mu gani!"

Na ciro wayar. Ga shi nan a ƙarƙashin alkawarina, sunan da ni da Joop muka zaɓa a kan teburin kicin. Ga ɗan kwandon shara a gefe, dannawa ɗaya.

"Mama, don Allah. Kin san Marco."

Na san Marco. Ni na riƙa zuga shi.

Yanzu ga inda za ku zage ni, kuma ku zaga, na saba. Ban danna ba. Zuciyata tana tafasa, kunnena yana ta maimaita min "ta amai ce, Mama."

"Ina kika kai shi?" na ce.

"Ki goge tukuna."

"Ki faɗa tukuna."

"Mama, gidana za su je!"

"Ke kin san gidanki. Ni ban san inda mijina yake ba. Teku kika watsa shi? Bola kika kai shi?"

"Haba Mama!"

"To ina?"

Ta sake min riga. Ta tsaya tana kallona kamar yau ta fara ganina. Kofi yana ɗiga daga bakin mayafin, daga wurin shuɗin nan.

"Cewa ya yi in zuba shi a magudanar da yake kamun kifi," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Inda ba waƙa, ba layi. Na je har sau uku, na kasa. Na ce ba zan yi ba sai da ke, kuma na kasa faɗa miki."

"To yana ina?"

"Kin san akwatin kayan kamun kifinsa?"

Na sani. Koren akwatin ƙarfe mai ɗan kwaɗo a jiki. Duk zuwan da zan yi gidanta sai na goge masa ƙura, ina mita wai me tsohon akwati yake yi a falo. Sau nawa na ce ta kai shi ɗakin shirgi, ta ce a'a, a bar shi yana kallon ruwa.

"Yana ciki, Mama. A kan dakalin taga."

"Wace tagar?"

"Ta gaba. Mai kallon titi."

Na danna. Na danna kwandon sharar nan, na sake dannawa, yatsana yana zamewa. Ya goge. Kafin in ɗago, wani ya sake liƙawa. Na goge. Biyu suka fito.

"Ku daina!" na ce. "Ku daina liƙawa!"

Ba wanda ya kula ni.

"Gwaggo," in ji Arjan. "Marco ya kunna nasa kai tsaye. Yana kallon namu a wayar abokinsa, yana haska nasa."

Ya juyo min da wayar.

Koriyar ƙofa. Tukwanen furen da na saya mata. Samari huɗu ko biyar a bakin titi suna ihu, ɗaya da bokitin fenti. Hoton ya karkata, ya tsaya a kan taga.

Labule a buɗe, kamar na kowa a garin nan. Ga koren akwatin nan a bayan gilashi, rana tana dukansa.

Wani hannu ya sunkuya, ya ciro bulo daga daɓen titi.

"Yana jin namu, ko?" na ce. "Yana ji na?"

Na kai hannu wuyan kwat in yi masa ihu, in ce Marco kar ka jefa, Joop ne a tagar nan.

Ba komai a wuyan kwat ɗin. Makirufon yana ƙasa a cikin yashi, inda na murje shi. In ba shi kuwa, hoto kawai wayar Arjan take aikawa.

Hannun ya ɗaga sama.